Masa a Cikin Motar Papa Cidi

Har yau in anka ambaci Fatakwal a gabana sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Wata bakwai na yi a garin, kuma abin da ya kusa kashe ni da baƙin ciki can ba yunwa ba ce, ba sauro ba ne. Kalma ce guda ɗaya tak, wadda kowane mai gyaran wutar mota a Tawa ta Nijar yake faɗi sau goma kafin azahar.

Sunana Asumana. Shekara goma sha biyu na yi ina gyaran wutar mota a wani garaji bayan tashar Tawa, har takan kai in direba ya faɗi abin da motarsa take yi, kafin ya rufe baki na san wayar da zan taɓa. Ubana Malam Idi shi ne ladanin masallacin unguwarmu a Barmu, garinmu can ƙasar Tawa. Shekara talatin yana kiran salla, ba a taɓa jin sunan gidansa cikin wata maganar banza ba. Da zan fita biɗar aiki Najeriya bai ba ni komi ba sai magana guda: «Sunana na ba ka aro. Ka maido min shi yadda ka same shi.»

Sakkwato ba ta zame mini baƙunta ba, don bakinsu bakinmu ne, hurarsu hurarmu. Sai dai aiki babu. Sati biyu ina zagaya garajoji, kowane ka shiga masu gyara sun fi motoci yawa. Wani dattijo mai facin taya ya ga ina zaune na zuba tagumi, ya raba goronsa biyu ya ba ni rabi, ya ce in aikin wuta nake so in yi kudu, can ruwan sama ke cin wayoyin mota kamar gara. Na bi maganarsa na hau babbar bas.

A wani shinge kan hanya anka sauke mu. Wani mai kaki ya zazzage jakata a ƙasa, ya ga wayoyi da ƴar fitilar gwaji, ya tambaye ni ko bam nake haɗawa. Bam! Ni da ko bindigar toka ban taɓa riƙewa ba. Ya juya kayan da ƙafa, ya zaɓi filayata mai jan hannu, wadda ta fi duka kyau, ya sa aljihu wai shaida ce. Shaidar me, don Allah? Na tattara sauran na koma mota, ina ja mishi Allah ya isa a zuci har munka yi nisa.

Bayan Lakwaja, da rana tsaka, sama ta ɓalle. Mu a Adar ruwa yakan yi sallama kafin ya zo, ya yi abin da zai yi ya wuce, a fita shuka. Wannan kuwa kamar an kifa kogi a kan motar. Ana cikin haka hannuwan goge gilashi sunka tsaya cak. Direba ya gangara gefe, kwandasta ya fara neman igiya wai a ɗaura a riƙa ja ta taga. Na ce su ba ni hanya. Na buɗe akwatin wuta, na ga ɗan fis ya ƙone, na ciro sabo daga jakata na sa, abu ya tashi. Direban nan, wani Banufe mai ƙaton ciki, ya dawo da ni kujerar gaba, ya saya mini shinkafa da kifi a Anaca, kuma shi ya rubuta mini sunan wani mai garaji a Fatakwal, Oga Sabo. Ya yi don alheri, Allah ya saka mishi. Bai san ramin da ya nuna mini ba.

Oga Sabo Bahaushe ne haifaffen can, gajere, kullum da tsinken sakace a baki. Ya ɗauke ni aiki ranar da na iso, ya ba ni wani lungu bayan shago in riƙa kwana. Tun ranar na gane Hausa ba guda ba ce. Na duba wata mota na ce, «Oga, kilinyotan hagu ba shi yi.»

Ya cire tsinke ya ce, «Kili me?»

Na nuna mishi fitilar kwana. Duk garajin ya ɗauki dariya. Su sigina suke cewa. Abin goge gilashi da muke kira esiglas, su waifa. Allon gaban direba mai allurai da fitilu, mu tablo, su dashbod. Na ce a miƙo mini kile, anka tsaya ana kallona sai da na kwatanta da hannu, ashe sifana ce. Mu Faransa ta bar mana kalmominta, su Ingila ta bar musu nata, duk kayan aro ne. Amma su a ganinsu nasu aron Hausa ce, nawa kuwa ƙauyanci. Kafin sati ya zagayo ba mai kirana Asumana, sai Faransa.

Na haɗiye. Na koyi sigina, na koyi waifa. Na koyi cin garin rogo da miyar da ke ja kamar igiya. Rigata ba ta taɓa bushewa sosai ba, takalmina ya yi funfuna. Wata rana na ga wata mata tana sayar da gero a ɗan gwangwani, kamar magani, na tsaya ina kallo har ta tambaye ni ko lafiya. Kewar gida ta kama ni ranar, na tuna hurar da matata Rabi take damawa da nonon shanun Kalfu, na koma lungu na zauna. Abin da ke riƙe ni shi ne ƙullin yajin da ta daka mini, ina barbaɗa kaɗan-kaɗan don kada ya ƙare.

A wata na uku Papa Cidi ya kawo motarsa. Inyamuri ne, dattijo mai furfura, yana jan ƙaramar bas ta haya, da ita yake ciyar da gidansa. Ya yi zaman Kano da ƙuruciya, yana jin Hausa, sai dai a karye. Ya ce motar ta haukace. Ya kunna mana mu gani. Ya sa siginar hagu, sai waifa ta tashi da kanta. Ya kunna waifa, fitilun tablo sunka fara ƙyafta ido. Ya taka birki, allurar mai ta faɗi ƙasa alhali tanki cike yake.

Ni ko taɓa motar ban yi ba na gane. Wutar mota fita take daga batir ta yi aikinta, sannan ta koma gida ta jikin ƙarfen motar. Akwai baƙaƙen wayoyi da ake ɗaurewa da noti a jikin ƙarfen, su ne hanyar komawarta. In wurin ya yi tsatsa, wuta ba ta tsayawa jira, sai ta yi kamar ruwan kwari da anka tare wa hanya, ta bi ta gonar maƙwabci. Wannan ɗaurin mu a Tawa masa muke ce mishi, haka masu gidanmu sunka koya daga Faransanci. Sai na buɗe baki da gaskiyata na ce, «Oga, wagga matsala masa ta.»

Wurin ya fashe da dariya. Wani har da riƙe ciki yana dukan bonet. Papa Cidi shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya matso ya ce, «Masa? Masa na ci? Wane ne ya sa masa cikin mota na?»

Na fara kwatance da hannu, Oga Sabo ya katse ni. «Faransa, in yunwa kake ji ga mai masa can bakin titi. Bar manya su yi aiki.» Ya juya wajen Papa Cidi ya ce makunnin da ke jikin sitiyari ne ya mutu, sai an sa sabo, kuma akwai shi a shagonsa.

Ni anka sa na ɗaura makunnin. Kwana huɗu Papa Cidi ya dawo, cuta na nan. Oga ya ce injin waifa ne. Na ɗaura. Ya sake dawowa, Oga ya ce ai ƙwaƙwalwar motar ce ta taɓu. Na ɗaura wannan ma. Ranar ina kwance ƙarƙashin sitiyari na miƙa hannu zan laluba baƙaƙen wayoyin, sai na ji an buge mini ƙafa. Oga ne a tsaye kaina. «Abin da na sa ka shi za ka yi. In ka fi ni sani buɗe naka garajin.» Na janye hannuna. Wannan janyewar har yau ina jin kunyarta. Na ji tsoron rasa lungun kwana, na bar bawan Allah ya fita da mota marar lafiya cikin garin da ruwa ba ya ɗaukewa.

Ranar wata Talata da hantsi abin ya faru. Ana tsuga ruwa, Papa Cidi ya ɗauko fasinja cike, ya sa sigina zai sha kwana, waifa ta tsaya a tsakiyar gilashi, tablo ya mutu. Bai ga gabansa ba, motar ta zurma kwalbati. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma wata mata ta karye a hannu.

Sai ga Papa Cidi a garaji da direbobin tasharsu, sun fi ashirin, kowa ido ja. Sunka yi kan Oga Sabo. Wallahi ina tsaye ina kallonsa, ko gezau bai yi ba. Ya ɗaga hannu biyu ya ce, «Ni kaya sababbi na ba ku, kowa shaida ne. Amma Papa, ka tuna ranar farko? Wa ya ce akwai masa a motarka? Wa ya san da ita in ba wanda ya sa ta ba? Kuma hannun wa ke shiga cikin motar kullum? Mutanen Nijar ɗin nan da asiri, ai sai Allah.»

Kai jama'a! Papa Cidi ya zauna Kano, ya san akan ce a yi sadakar masa in ana neman biyan wata bukata, ya san bokaye ma sukan sa a soya ta a kai wani wuri. Maganar ta zauna mishi daram. Kafin in ce uffan an shaƙe mini wuyan riga, an yage ta har cibiya, an zaunar da ni cikin taɓo. Sunka zazzage jakata. Wani ya ciro ƙullin yajin Rabi ya ɗaga sama yana ihu wai ga maganin. Yaji! Barkono da citta da ƙuli! Na ce su buɗe su lasa, ba wanda ya saurare ni. Wayoyi kuwa sun fi biyar a kaina, ana ɗaukar hotona.

Sunka tasa ni zuwa tasharsu, inda anka jawo motar, sunka rufe ni a wani ɗaki. Can bayan azahar anka kira Alhaji Hamidu, shugaban Adarawan garin, mutumin Bambai, mai shagunan shayi. Da na gan shi na ji sanyi, na ce ga nawa ya zo. Ya tsuguna kusa da ni ya rage murya.

«Asumana, baƙo ba shi da gaskiya ga garin mutane. Ka hita ka duƙa ka ba su haƙuri, mu samu mu tahi da kai da ranka.»

Na ce, «Alhaji, haƙurin mi? Kai ba ka san masa ba? Ba ka taɓa kai mota garaji ga Tawa ba?»

«Na sani. Amma mu ɗari nawa muke ci ga wanga gari? Kada ka jawo muna.»

«In na duƙa, na amsa ke nan ni boka na.»

Ya ce haƙuri maganin zaman duniya. Na ce ya riƙe maganinsa. Wallahi na fi jin zafinsa a kan na Oga Sabo, don zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Muna cikin haka wayata ta yi ƙara a aljihun wando. Baba ne. Mutumin da bai taɓa kirana da kansa ba, kullum ni ke kira. Ashe hoton ya riga ya bi wayoyin ƴan cin rani, ya isa tashar Tawa, ya isa Barmu, tun ban ko wanke taɓon jikina ba.

«Asumana, mi nika gani ga wayar yaran ga?»

«Baba, ƙarya ta. Wallahi ƙarya ta.»

«Ana ta hwaɗin ɗan ladan ya zama boka ga Najeriya, an kama shi da ƙulli. La'asar ta yi ban hita ba. Na ce wani ya kira. Da wane ido za ni tsaya gaban mutane?»

Ya kashe. Shekara talatin, ko zazzaɓi bai taɓa hana tsohon nan kiran salla ba, sai yau saboda ni. Tsoron da ke cikina ya fita gaba ɗaya. Na tashi na dinga dukan ƙofa har sunka buɗe. Na wuce kowa na tsaya gaban Papa Cidi.

Na ce, «Papa, ka ba ni sifana lamba goma da samfefa, ka tsaya a kaina kana kallon hannuna. In ban nuna maka masar nan da idonka ba, ku yi mini duk abin da kunka ga dama.»

Direbobi sunka hau hayaniya wai zan cire asirin ne a ɓoye. Papa Cidi ya tsawata musu ya ce a kawo.

Na kwanta ƙarƙashin sitiyari, shi kuma ya durƙusa yana haska mini da fitilar waya. Na ɗage ledar ƙasa, na bi wayoyi da yatsa, ga su nan: baƙaƙe guda biyar a kan noti ɗaya, gefen ƙofar direba. Ruwa ya daɗe yana ɗiga ta gindin gilashi yana sauka daidai wurin. Notin ya yi ja da tsatsa, bakin wayoyin ya yi kore, ina taɓawa abin yana rawa kamar haƙorin tsohuwa. Na kama hannun Papa Cidi na ɗora a kai. Na ce, «Ga masarka. Ci.»

Na kwance, na goge ƙarfen har ya yi fari, na goge bakin wayoyin, na ɗaure tam. Na ce ya kunna. Ya sa siginar hagu, ta yi ƙyaf-ƙyaf ita kaɗai, waifa na kwance abinta. Ya sa ta dama, haka. Ya kunna waifa, ta share gilashi, tablo ko motsi. Ya taka birki, allurar mai na nan inda take. Ya sake yi, ya sake, sau wajen biyar.

Wani tsohon direba ya leƙa ya ce, «Au! At yake nufi! Wayar at!»

Sai ga muryar Oga Sabo daga baya, don sun taho da shi. «To ai da ya ce at! Ni tun farko na san at ne, yaren nasa ne ba a ganewa.»

Ka ji mutum! Bakinsa ya kama shi. Papa Cidi ya fito daga motar a hankali ya ce, «Ka san at ne? Tun farko? Sati uku kana sayar mini kaya?» Nan taron ya juya kan Oga Sabo. Ashe tun ranar da na kwatanta da hannu ya gane sarai. Noti mai tsatsa ba ya sayar da kayan shago, shi ke nan dalilin. Don wannan ya bar matar nan ta karye, don wannan ya sa anka zaunar da ni cikin taɓo.

Alhaji Hamidu kuwa sai ga shi yana dafa kafaɗata yana gaya wa mutane ai yaronsu ne, Adarawa ba su san ha'inci ba. Na ture hannunsa. Na duba hagu na duba dama. Da ana yaga mini riga wayoyi biyar ke kaina. Yanzu da gaskiya ta fito, ko mutum ɗaya bai ɗaga waya ba.

Papa Cidi ya kwance ƙullin yajin ya lasa, sannan ya zo ya riƙe hannuna biyu, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce in yafe mishi, ya ce in bar garajin nan in dawo tasharsu za su ba ni wuri, ya ce in faɗi abin da nake so. Na ce maganar wuri sai gobe. Na kira lambar Baba na miƙa mishi wayar.

«Ubana ne. Gaya mishi abin da ka gani.»

Ya karɓa da hannu biyu, ya cire hularsa kamar tsohon na gabansa. «Baba, sannu. Ni ne mai mota. Yaro naka ba boka ba. Ni ne na yi kuskure, na ji masa, na ce na ci ne. Shi ya gyara mota na, kowa ya gani. Ƙulli kuma yaji ne, na lasa, akwai zafi. Yaro naka mai gaskiya ne, Baba. Ka yi haƙuri da mu.»

Ya maido mini wayar. Na kara a kunne.

«Asumana.»

«Na'am, Baba.»

«Ka ci abinci?»

«A'a, Baba.»

«To ka biɗi abin da ka ci. Rana ta kusa hwaɗuwa, bari in tahi.»

Wannan karon bai kashe wayar da kyau ba, aljihu kawai ya jefa ta. Ina tsaye a tashar mutane da yagaggiyar riga, taɓo ya bushe mini a wando, ina jin takun takalminsa kan tsakuwa, ina jin ya tura ƙyauren masallaci. Ya yi gyaran murya sau biyu yadda ya saba. Da ya ɗaga murya da kiran magariba, sai na zauna a kan matakin motar Papa Cidi na saurara har ya kai ƙarshe.